Takalma a Hannu a Kan Sabuwar Gada

Ina tsaye a bakin sabuwar gadar da gwamnati da wani kamfani suka haɗa hannu suka gina, ina kallon wata tsohuwa siririya, da ƙullin kaya a ka, dugaduganta duk faso. Tana isowa sai ta sunkuya ta cire takalma, ta tattare zani zuwa gwiwa.

Mai karɓar kuɗin motoci ya leƙo yana dariya. "Iya, ai babu ruwa a sama!"

"Ɗan nan, shekara arba'in ina ratsa kogin nan. Ƙafar ce ba ta ji labari ba. Nawa zan ba kamfanin naku?"

"Masu mota ke biya. Wuce abinki."

Ban san wa ruwan nan ya taɓa ci mata ba, amma a tsakiyar gadar ta tsaya tana leƙen ƙasa, bakinta na motsi. Can ta yi ajiyar zuciya, ta saki zaninta, ta ci gaba da tafiya, takalman har yanzu a hannu. Kogin na ta ruri a ƙarƙashinta, ko ɗan yatsanta bai jiƙa ba.