Taki na uku a Santambul

Ana kiran assalatu na baro ɗakina a unguwar Sa'alaba, na biya na ɗauki Hawaja, muka nufi filin jirgi. Masu tambaya a majalisa ina na ɓace kwana biyu, ga amsarku. Santambul na je.

Hawaja maigidana ne, mutumin Girka, mai gyaran injin sanyi na jiragen ruwa a nan Jidda. Shi ya tsince ni ina dako ba takarda, ya yi ta fafutuka har iƙama, takardar zama, ta fito. Yanzu ya tsufa, ido ya tafi, ƙafa ma ta kusa. A Santambul aka haife shi. Yana saurayi aka kore su, shi da uwarsa, kowa da akwatinsa a hannu. Bai sake komawa ba. Da likita ya gaya masa gaskiyar jikinsa, sai ya ce yana so ya taɓa ƙofar gidansu kafin ta Allah ta kasance. Ni ne idonsa, ni ne mai tura masa keke.

A cikin jirgi muka tayar da tsohon musunmu. Na ce Santambul, yadda kakata ke faɗa in tana labarin Sarkin Santambul.

"Ya Hajji, sunan garin Kustantiniyya."

"Yarinyar da ke shela ba haka ta ce ba."

Ya juya mini ƙeya.

Gari ne na tudu da gangare. Wanda ya saba da shimfiɗar Jidda ya zo ya tura ƙato a keke a can, zai san yana da baya. Teku ya raba garin biyu, mutane na tsallakawa a jirgin ruwa kamar masu shiga bas. Masallatai ba a magana. Kyanwoyi kuwa sun fi na kasuwar kifin Jidda ƙiba da isa. Shayi araha ne, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Akwai wani burodi mai kama da awarwaro, an yayyafe shi da riɗi, shi ya riƙe ni. Tasi ce kawai ba ta da imani.

A bakin ruwa muna cin kifi ya ba ni labarin sunan. Wani sarkinsu ne ya gina birnin ya sa masa sunansa. Amma talaka ba ya jan dogon suna. Kowa cewa yake za ni birni, yadda mu a nan muke cewa za mu sauka Balad, wato cikin gari. Da yaren Girka wannan "za ni birni" shi ne ya zama Istanbul a bakin Turkawa. Bayan sarautar Turkawa ta faɗi, sabuwar gwamnati ta ce da shi kaɗai za a kira garin.

Na ce, "To ai sunan ma naku ne. Me ya yi zafi?"

Ya ce, "Sun riƙe sunan, sun kori masu shi."

Na san ciwon.

Matsalar ita ce unguwar. Shi Tatabla ya sani, haka uwarsa ke kiranta, kuma ita ma an sauya mata suna. Direban farko ya girgiza kai. Na biyu ya zaga da mu ya ajiye mu inda ya ɗauke mu. Hawaja ya iya Turkanci sarai, amma tun ranar da aka kore su ya rantse ba zai ƙara yin sa ba. Larabci yake yi musu, suna kallonsa. Ga shi jirginmu na komawa washegari.

Na tsayar da keken a gaban wani tsoho mai shayi. Na ce, "Hawaja, rantsuwarka ba ta san hanya ba. Ko ka yi yarensu, ko na mayar da kai Jidda yadda ka zo. Halas, magana ta ƙare."

Sai ya buɗe baki. Muryarsa ta fito daban, kamar ta yaro. Mai shayin ya ajiye butarsa, ya maimaita, "Tatabla." Ya rufe teburinsa ya shiga gabanmu, Hawaja na kwatanta masa gidan har muka isa.

Gidan katako ne, dogo, ya ɗan karkata. Wata tsohuwa Baturkiya ta buɗe. Hawaja ya yi mata bayani, ta tsaya ta kare ƙofar da jikinta. Na zaci shi ke nan. Ya roƙi a bar shi ya taka matakala kawai. Ta matsa kaɗan.

Na ɗaga shi, ya dafa bango. Taki ɗaya, taki biyu. Sai ƙafarsa ta tsallake na uku ta sauka kan na huɗu. Mutumin da ba ya gani.

Tsohuwar ta rufe baki da mayafi, tana dariya tana hawaye. Daga baya ya fassara mini. Wai takin nan ruɓaɓɓe ne, duk 'yan gidan tsallake shi suke yi, mijinta har ya rasu yana cewa zai gyara. Hawaja ya ce nasa uban ma haka ya yi ta cewa.

Ta shigar da mu. Ta ce su ma kakanninta daga Girka aka koro su, kakarta ta mutu tana kiran sunan wani gari da yanzu ba haka ake faɗarsa ba. Ta dafa gahawa. Ita ta ce ta Turkawa ce, shi ya ce ta Girkawa. Na sha. Guda ce, kuma ba ta da hel, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa ta Jidda.

Ya zauna a bakin tagar da uwarsa ke zama har rana ta yi sanyi. Ban hanzarta shi ba.

Mun sauka Jidda, zafi ya rungume mu tun daga ƙofar jirgi. Mai gadin gidan Hawaja ya tare mu yana tambaya daga ina. Na kasa kunne in ji wane sunan Hawaja zai zaɓa.

"Santambul," in ji shi, da irin lafazin kakata.

Ni ban yi makaranta ba, allunan titinsu duk zane ne a wurina. Abin da na gani da idona shi ne hukuma na iya sauya allo, amma ba ta isa ta sauya abin da ƙafa ta sani ba. Gidanmu na can gida akwai dokin ƙofa mai tsawo da baƙo ke tuntuɓe da shi. Tun da na dawo nake tunanin ko ƙafata za ta tuna.