Kwanon da ke dawowa wayam

Har yau in murfin samira ya suɓuce ya faɗi yana juyi a ƙasa, sai gabana ya faɗi, in tuna ƙofar gidanmu a Wara. Samirar Baba ja ce mai zanen fure, murfinta ya lanƙwashe ta gefe ɗaya. Ni nake kai masa ita waje bayan magariba, ni kuma nake ɗauko ta.

Baba dillalin kifi ne. Yana sayen bandararre a hannun masunta, yana loda wa motocin kudu. Mutum ne kakkaura mai dariya da dukan ciki, kuma a garinmu ana ganin ƙiba shaidar mace ta iya riƙon miji. Inna tana alfahari da tumbinsa, mu ma haka. Shekarar da ya fara kukan ciwon ƙeya da jiri, aka kai shi asibiti a Yelwa. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce a rage masa gishiri da dunƙule da mai sosai, in ana son a daɗe da shi.

Inna ta ɗauki maganar da gaske. Ta koma ɗora tukunya biyu. Tamu ta sha manja da dunƙule, tasa kuwa sai ɗanyen kifi karfasa da daddawa da citta da albasa mai yawa. Da damina, lokacin da ruwa ya cika tafki itace ya jiƙe, na sha ganinta durƙushe tana hura murhu na biyu, idanunta jajur da hayaƙi. Kan ta zuba sai ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ƙara daddawa.

Sai dai Baba ba a cikin gida yake ci ba. Magidantan layinmu ciyayya suke yi. Kowa a fito masa da kwanonsa, a jera a tabarma gindin dalbejiya, a sa hannu tare. Inna ta san haka, shi ya sa ta aika aka kira mata babban amininsa. Baffa muke ce masa, ko da yake ba jini ɗaya ba ne, tare dai suka koyi tuƙin jirgin ruwa suna yara. Ta tsaya daga bayan ƙyauren zaure ta ce, "Malam, amana ce ni ka ba ka. Kwanonshi kaɗai za shi ci." Baffa ya dafa ƙirji ya ce, "Haba uwargida, ai ranshi raina na. Ki kwantar da hankalinki."

Daga nan kullum samirar takan dawo wayam, kamar an wanke. Inna ta buɗe ta yi murmushi ta ce, "Kin gani? Bakinshi ya saba." Ranar Juma'a har takan aika wa Baffa da fura don godiya.

Wata safiya cikin kaka, ana tsakar yankan shinkafa, Baba ya faɗi a bakin ruwa yana ciniki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Bai ƙara tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Inna ta yi ta zargin kanta, tana cewa ko hannunta ne ya yi nauyi a daddawar, ko likita wani abu ya ce ba ta gane ba.

A zaman makoki ne muka ji. Na fito da butar ruwan sha, Baffa yana ba mutane labarin kirkin mamaci, hawaye a gemunsa, yana dariya. Ya ce, "Allah ya jiƙan maza! Da munka ga wagga miya ta marasa lafiya, munka ce wallahi ba ka cin ta gabanmu, sai ka ce mace ta mallake ka. Baƙi masu jiran jirgi mu ka ba, su ma sai sun barbaɗa gishiri. Bai rasa daɗin bakinshi ba har ya koma." Mutane suka yi ta gyaɗa kai, suna cewa abota ke nan.

Inna tana bayan ƙyauren nan dai. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi butar daga hannuna ta koma ciki, kuma ban ƙara jin ta ambaci Baffa ba har ta rasu. Ni kuwa na ji haushinsa, ina kuma ji har gobe. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma furar Juma'ar nan da yake karɓa yana sa albarka, ita ce ta kasa wuce mini a wuya. Na ji haushin Baba ma, Allah ya gafarta masa, don shi yake miƙo mini kwanon da hannunsa.

Bana wasu masu bincike suka zo asibitin garinmu suna auna jinin mutane, suna tambayar abin da muke ci. Wata yarinya mai ladabi ta zaunar da ni tana tambayar gishirin da nake zubawa. Na ce mata, "'Yar nan, tukunyata ba ta da laifi. Je ki tambayi da wa maigidana ke sa hannu." Ta ɗago ta dube ni, ta gyara zama, na ba ta labarin nan duka.

Shi ma maigidan nawa awon ya nuna jininsa ya hau. Dalbejiyar tana nan, ciyayyar ma tana nan, sai dai yanzu har da lemon kwalba da taliyar leda. Ni dai a tsakar gida nake shimfiɗa masa. Abokansa su yi ta sallama daga waje suna tsokana, wai na mallake shi. Na ji, na yarda. Ba na tashi daga gefen tabarmar sai kwanon ya ƙare a gaban idona.