Kiyashin da ya cinye garkata

Garkata tana bayan gari, tsakanin Arlit da Akokan, inda ruwan unguwar ma'aikatan haƙar ma'adinai yake gangarowa. Ina shuka salati da shu, wato kabeji, da tumatir, ga kuma lemun tsami bakwai da na dasa shekarar da na zo daga Damagaram. Da ita nake ciyar da gidana.

Da tawaye ya dawo, hanyar Agadas ta koma sai da rakiyar soja, kullum ana labarin nakiya. Kayan miyan da ake kawowa daga cikin duwatsu ya yanke. Manyan motocin kaya, kamyo, kuwa ba su fasa zuwa ba, don ana ta maganar sabon ramin ma'adinai a Imuraren. A wani gareji da ake sauke injuna na roƙi akwatunan katako uku da aka yar, in yi wa iri inuwa. Gindin ɗaya akwai jar ƙasa mai laima, irin wadda babu ita a nan. Ban kula ba.

Bayan wata biyu na fara ganin wani kiyashi ƙanƙane, ruwan ƙasa, mai gudu kamar an koro shi. Gida biyu ya yi, ɗaya ƙarƙashin akwatunan, ɗaya bakin tiyon ban ruwa.

Mu masu garka muna da dabararmu. In cinnaka ya yi gida biyu, sai ka ɗebi felu, wato shebur, guda na ƙasar wannan ka zuba a wancan, ka ɗebo na can ka zuba a nan. Su kama juna da cizo, kafin la'asar wurin ya yi baƙi da gawa. Maganin ƙwari ma a lokacin babu shi a kasuwa. Haka na yi wa baƙon nan, na tsuguna ina jira. Suka haɗu, suka shafi juna da ƙahonninsu, sai ga su suna ɗaukar ƙwai tare suna shigarwa rami ɗaya.

Na ce wataƙila gidajen sun yi kusa. Na jira wani ya ɓullo can ƙarshen fage, na sake gwadawa. Shiru. Sai na kai su gindin lemuna inda cinnaka yake, don su gama da juna. Cinnakan ne ya ƙare. Na yi makonni ina kai da kawowa da felu, har matata da ta kawo mini fura ta ce, "Malam, noman kiyashi ka koma? Ka faɗa mini tun da wuri in nemo masu saye."

A wannan shekarar nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Malaminmu, da muke ce wa Mushe irin na Faransanci, ya karanci ilimin halittu a Yamai, yana koyar da mu kafin ya samu aiki a kamfanin ma'adinai. Na ba shi labari, washegari ya biyo ni garka. Ya daɗe a durƙushe yana kallo.

"Baba," ya ce, "a jikin kowace halitta akwai wani rubutu da ido ba ya gani, wanda take gada daga iyaye. Daga shi warin jikin kiyashi yake fitowa, da warin kuma yake gane baƙo. Na karanta labarin irin waɗannan. In uwa biyu ko uku kaɗai suka iso cikin akwati, duk zuriyarsu rubutunsu kusan ɗaya ne. Ba sa jin warin baƙo a jikin juna."

Na ce, "Mushe, ni shekara guda ina fama da baƙaƙe, ashe kiyashi ya riga ni."

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni felu nawa na ɗauka. Na ce ban ƙirga ba.

"Duk wanda ka ɗauka, in akwai uwa a ciki, sabon gida ka kafa musu."

Ya zuba kaɗan cikin ƙaramar kwalba, ya ce tabbaci sai an kai inda ake da na'urar karanta rubutun. Ba da daɗewa ba ya bi ayarin motoci zuwa kudu neman takardun aiki, aka kawo mana wani malami. Ban sake jin labarin kwalbar ba.

Na ƙone akwatunan, na zuba toka da ruwan zafi, na kewaye kowane lemu da baƙin mai. Kiyashin yana kiwon wani farin ƙwaro mai danƙo a kan reshe, yana ɗaukarsa daga ganye zuwa ganye. Ganyen ya yi baƙi, furen ya zube. Iri kuwa ko ya tsiro, sai in tarar an cinye saiwarsa. A lokacin da gari ke neman tumatir ido rufe, ni ba ni da ko kwando ɗaya.

Na zagaya maƙwabta na gaya musu abin da na yi, na ce kada kowa ya karɓi dashe ko taki daga wurina. Wasu sun gode, wasu sun daina amsa gaisuwata. Lemunan na sare su ɗaya bayan ɗaya, na ƙone su a wurin, don ko itacen ban yarda ya shiga gida ba. Da na gama da na bakwai sai na naɗe tiyo, na tafi tasha neman dako.