Maƙeri da Masaƙi, Wane ne Babba

A shekarar da rijiyar garinmu ta cike da laka ina da shekara goma sha tara, ina karatu a zauren Liman. Garinmu ƙarami ne, tafiyar rabin yini daga Kwantagora in ka nufi wajen Auna, kuma a lokacin ita Kwantagorar ba ta daɗe da kafuwa ba. Rijiya ɗaya gare mu. Da damina gefenta ya zabtare ya faɗa ciki, ruwa ya yi ta ja da baya, kafin bazara ta raba tsakiya guga ba ya fitowa da komai sai taɓo da kwaɗi.

Sai aka koma rafi. Rafin da nisa, ga shi ya ƙafe, sai an tona yashi an zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Ni kaɗai mahaifiyata ta haifa, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Nakan ɗebo mata na safe, amma na yamma ita take zuwa, domin lokacin ina gaban Liman. Takan dawo ta sauke tulu, ta zauna bakin ɗaki tana matsa gwiwa.

Yasar rijiya ba wani babban aiki ba ne. Samari ashirin, igiya, kwanduna, kwana biyu an gama. Amma a garinmu ba a kiran gayya sai an zauna a fada, gindin tsamiyar ƙofar Mai gari. A fada kuwa akwai tsari: wanda ya fi kowa shekaru shi yake buɗe magana, Mai gari ya rufe. In babba bai buɗe ba, duk abin da aka faɗa hira ce, ba a aiki da shi. Dattijon da ya daɗe yana buɗe mana magana ya rasu da sanyin wannan shekara, ya bar tsofaffi biyu a baya, Baba Maƙeri da Baba Masaƙi, kowannensu yana ganin shi ne ya gaje shi.

Ranar zaman farko, bayan an yi addu'a, su biyun suka yi gyaran murya lokaci guda.

"Bismillahi, jama'a," in ji Maƙeri.

"Yaro, dakata manya su gama," in ji Masaƙi.

"Wa kake ce wa yaro? Ni da na san ka kana yawo ba wando, majina har haɓa?"

"A ina ka gan ni? Kai lokacin ko zama ba ka iya ba, sai an tokare ka da turmi."

Haka aka yi ta yi har aka kira azahar. Sau uku ana zama, ba a kai ga ambaton rijiya ba ko sau ɗaya. Mai gari ya kasa raba gardamar, domin Maƙeri kawunsa ne, Masaƙi kuma surukinsa. A zama na uku ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya juya wajen Liman.

"Gafarta Malam, ina ganin wannan magana ta ilmi ce."

"Ranka ya daɗe, ta bincike ce," in ji Liman. "Ga ɗalibina nan, shi ko ɗigo ɗaya ba ya tsallakewa. Ya bincika ya kawo wa fada amsa ran Juma'a."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Ni mutum ne da in na je sayen barkono aka ce ga kuɗinsa, sai in biya in tafi don kada a ja magana. Amma na tuna da gwiwar mahaifiyata, na ce to. Na wanke allona, na ja layi a tsakiya, dama ta Maƙeri, hagu ta Masaƙi.

Na fara da su kansu. Maƙeri na same shi a maƙera yana yi wa jikansa mai zuga faɗa. Ya ce in rubuta cewa shekarar da fara ta cinye gero har kara, shi da hannunsa ya gasa ta ya ci. Na rubuta. Masaƙi na same shi a rumfar saƙarsa, ƙafafu cikin rami. Ya ce ita farar da Maƙeri ya ci, shi ne ya kamo ta ya ba shi don ya daina kuka. Na rubuta wannan ma. Na so in gwada furfura, sai na tarar kan Maƙeri ba gashi ko ɗaya, gemun Masaƙi kuwa ya sha lalle har ya zama ja. Wanzamin da ya yi musu kaciya ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ya ce ya taɓa jin mahaifinsa yana cewa ɗaya daga cikinsu ya yi ihun da ya kori kaji daga unguwa, amma bai riƙe ko wane ne ba. Da na koma musu da wannan, kowa ya ce ɗayan ne.

Ran Talata Ardo ya tare ni a hanya. Shi ne shugaban Fulanin rugar bayan gari, maruƙansu a bakin rijiyar nan suke shan ruwa, saboda haka abin ya dame shi kamar mu. Ya ce shi bai taɓa kuskuren shekarun saniya ba in ya duba bakinta, a kai shi. Ban san yadda zan hana shi ba, sai na bi bayansa da allo. Abin mamaki, tsofaffin nan suka yarda, kowa ya buɗe baki a gaban mutane. Maƙeri haƙori huɗu, Masaƙi shida. Nan take Masaƙi ya kama biyu ya girgiza su, ya ce in rubuta cewa waɗannan suna hanya. Ardo ya leƙa, ya sake leƙawa, ya goge hannu a riga.

"Ɗan malam, in da shanu ne, duka biyun sun wuce a tambayi shekarunsu."

Wannan ban san gefen da zan sa shi ba, sai na rubuta shi a kan layin tsakiya.

Ran Laraba da yamma mahaifiyata ta dawo daga rafi ta same ni na tasa allo a gaba. Ta tambaye ni ko na je wurin Kaka mai daddawa. Na ce ai an ce ba ta ji.

"Tana ji sarai," ta ce. "Amsawa ce ba ta yi wa wanda bai yi mata ba."

Kaka tsohuwa ce Bakambariya da aka kawo garin tana ƙaramar yarinya, ta tsufa har ta dawo kamar 'yar shekara goma don ƙanƙanta. Ba wanda ya yi tunanin tambayarta, domin mata ba sa zuwa fada. Na same ta tana shanya kalwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni ta ƙasan ido.

"A'a, maigidana ne yau a gidana? Me ka kawo mini, ko hannu ka zo da shi kamar kullum?"

Na miƙa mata goro ɗaya da Liman ya ba ni. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da tari.

"Waɗannan yaran? Rubuta. Ranar sunan Masaƙi ni na goya Maƙeri muka tafi, uwarsa tana can wurin tuwo. Zanena sabo, baƙi, shi ke nan gare ni a duniya. Muna shiga gidan suna ya sakar mini fitsari tun daga wuya har ƙafa. Har yau in ya gaishe ni ba na amsawa. Bai taɓa tambayar dalili ba."

Na rubuta. Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna ba ta gama ba. Ta ce sau ɗaya aka taɓa yasar rijiyar nan a idonta, lokacin su Maƙeri sun tafi fatauci. Kuma yadda aka yi, babban gari, wato wanda ya fi kowa shekaru, aka fara saukarwa cikin kwando ya ɗebo ƙwaryar laka ta farko, kafin a bar saurayi ko ɗaya ya shiga.

"Don me, Kaka?"

"Don in za ta rufta, ta rufta wa wanda ya riga ya ci rabonsa. Kai da karatunka wannan ma sai an gaya maka?"

Na rubuta shi a ƙasan allo, wurin da ya rage.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci fada ta cika, har mata sun tsaya daga bayan danga. Aka ce in tashi. Na tashi, na buɗe baki, ni kaina ban ji abin da na faɗa ba. Mai gari ya ce mai shela ya tsaya kusa da ni, in riƙa faɗa masa a kunne yana ɗagawa. Na karanta komai bi da bi yadda na rubuta, fara da furfura da haƙora. Da na zo kan maganar Kaka na ƙara rage murya, ina fatan zai sassauta. Mai shela ya cika ƙirji.

"Jama'a! Ɗan malam ya ce Baba Maƙeri ya yi wa Kaka fitsari! A sabon zane! Daga wuya har ƙafa!"

Sai da ya faɗa sau biyu, ya juya gabas ya juya yamma. Na zaci Maƙeri zai jefe ni da sandarsa. Sai ga shi ya miƙe yana murna.

"Na yi! Wallahi na yi! Ina tune, baƙin zane ne!"

Masaƙi ya sunkuyar da kai. Liman ya yi mini alama da hannu cewa ya isa, in zauna. Na san in na zauna an gama, gobe a kira gayya. Na kuma san in na karanta abin da ya rage, wataƙila a koma gidan jiya, mahaifiyata ta ci gaba da zuwa rafi. Amma layi uku suna nan a ƙasan allo ba a karanta ba, ni kuwa ban taɓa iya barin rubutu a rabi ba. Na ja hannun rigar mai shela na raɗa masa.

Ya shelanta labarin kwandon kaf. Can wani dattijo ya ce lalle ya taɓa jin marigayi mai buɗe mana magana yana ba da labarin ranar da aka saukar da babban gari a kwando. Wani ya ce shi ma ya ji. Maƙeri, wanda har lokacin yana tsaye, ya zauna a hankali.

"Jama'a, a sake bincike. Tsohuwar nan ta rikice. Yaran da ta goya a garin nan suna da yawa, ina ta san wane ne ya ɓata mata zane?"

Masaƙi ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

"Haba Yaya. Kai da ka tuna har launin zane?"

Wannan ne karo na farko da aka ji ya kira shi Yaya. Maƙeri ya fara rantsuwa cewa zanen da ya tuna fari ne, amma Mai gari ya ɗaga hannu. Ya ce tunda Kawu ya ce "jama'a" kuma ba wanda ya katse shi, to babba ya buɗe magana, shi kuma yanzu ya rufe: gobe da hantsi kowa ya fito da igiya da kwando.

Washegari aka zaunar da Maƙeri cikin kwandon ɗaukar dawa, an ɗaure shi da igiya biyu, samari takwas suna riƙe. Ya yi wa 'ya'yansa wasiyya a kan uwar maƙera, ya yafe wa kowa ban da ni. Ana sassauta igiya yana salati, muryarsa tana ƙara nisa. Daga can ƙasa muka ji ya ce akwai kwaɗo a kan cinyarsa, a ja shi. Ba a ja ba sai da ya ce ya cika ƙwarya. Ya fito laka har gira, ƙwarya a ka. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗin noma ya saki ganga, Ardo ya ce ya ba shi ƙwaryar nono kullum har kwana bakwai. Maƙeri ya tsaya cikin kwando ya ƙi fita, yana ba da labarin zurfin rijiya kamar ya dawo daga Gwanja.

Masaƙi yana gefe yana kallo. Da aka ambaci nono sai ya matso.

"Ranka ya daɗe, tsakanina da shi 'yan watanni ne. Ƙwarya ta biyu tawa ce."

Aka ce babu wannan a al'ada. Ya ce a tambayi ɗan malam ko allonsa ya hana. Na duba, na raɗa wa mai shela cewa bai hana ba. Sai da aka saukar da shi shi ma, ya yi ihun da ya fi na Maƙeri, samari suna tsaye da kwanduna har rana ta take tsaka.

Kwana uku aka yi ana kwashe laka maimakon biyu. A rana ta huɗu ruwa ya taru, ja-ja da shi. Mahaifiyata ta ɗauki tulu, ta je ta dawo kafin in gama wanke allo. Ta tace a tsumma, ta sha, ta ce akwai ɗan warin ƙafar tsoho, amma za a iya sha. Ta miƙe ƙafarta a tabarma, ta yi barci har la'asar.