Ranar da Inna Hannatu Ta Kira Sunan Ɗanta

Inna Hannatu ta shekara ashirin da biyu tana dafa wa matasan majami'armu abinci duk lokacin da muka fita zango. Daga wani ƙauye kusa da Doguwa aka auro ta, mijinta ya rasu tun da ƙuruciyarta, ɗa ɗaya gare ta. Shi ne Ubale, direban motar majami'a. Sunan surukinta aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari, don haka kunya biyu ta hau kanta. Ko Ubalen ma, da yake laƙabi ne, ba ta faɗa. "Wancan" take ce masa.

Bana aka ce zangon matasa a Maraɗi za a yi, a Nijar, mu yi mako guda muna wa'azi da koyar da yara waƙoƙi. Inna ba ta taɓa wuce Kano ba. Tun da sauran wata biyu ta daka kuka, ta shanya kuɓewa, ta ƙulle daddawa, wai ba ta yarda da miyar wata ƙasa ba.

Ni aka haɗa da ita zuwa Kano karɓar takardar ƙetare iyaka, Ubale ya kai mu. Ma'aikacin ya tambaye ta wa za a nema idan wani abu ya same ta.

Ta ce, "Wancan."

"Sunansa fa, Mama?"

Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga mini hannu. "Malam, takardarka ce? Daga bakinta nake so in ji. In ba ta san shi ba, a kawo wani."

Ba ta da wani. Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. Layi ya fara gunaguni. Na riga na saduda cewa tafiyar ta fasu, har na fara tattara hotunanta.

Sai muka ji ta ce, "Yohanna. Yohanna Bitrus. Ni na haife shi."

Na waiga, Ubale na tsaye baki buɗe, mutum ɗan shekara talatin da takwas.

Ma'aikacin ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce na gaba ya matso.

Ubale ya riga mu fita, a waje muka tarar da shi zaune a kan dakali, ya rufe fuska da hularsa. Mun fi rabin awa a rana kafin ya iya tayar da mota.