Karatun Tabarya

'Yata ta uku Allah ya ba ta kai, amma ba sa ga-maciji da harafi. A biya mata sura sau biyu ta haddace, a rubuta mata "gero" ta zura masa ido kamar ta ga baƙo. Ta ce mini haruffan yawo suke yi. A firamarenmu ta Zango ta maimaita aji, bulala kuwa ta sha ta more. Daƙiƙiya suke ce mata, har ta fara amsawa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Babanta dillalin awaki ne, ba ya son asara. Ya ce in aka yi hutu ba ta iya karatu ba, ta dawo gida ta taya ni aiki.

Ni kaina da girmana na tsinci boko, a Islamiyyar matan aure da aka buɗe mana bayan zuwan Shari'a. Da ɗan abin da na samu nake koya mata, ga ni da gajen haƙuri. Kullum sai mu tashi baram-baram.

Wata rana da hantsi muna surfe, sai na ji tana sakin magana daidai da saukar tabarya, wasanta kawai take: ge, ro. Da, wa. Na tsaya na ce, "Ke, gyaɗa fa, bugu nawa ce?"

"Biyu mana, Inna."

"Makaranta fa?"

Ta daka ta gaɓa gaɓa, ko tuntuɓe babu. Yarinyar da muka yanke wa ƙauna, ashe tana jin kalma sarai, sai dai da hannunta take ji. Na yi ta tasbihi a raina.

Daga nan duk gaɓar da ta daka, sai in rubuta mata ita da gawayi a jikin katanga, ta bi da yatsa. Ba dare ɗaya abin ya zauna ba. Takan juya harafi, ta yi kuka, ni ma in taya ta.

Ana gab da hutu babanta ya ɗauke ta a babur zuwa wajen gwaggonta a Daura. Da suka dawo ya zauna a bakin tabarma, ko ruwa bai karɓa ba.

Ya ce, "Kin san abin da 'yarki ta yi? Muna tafiya ta ce in tsaya gaban allon nan na bakin titi. Na tsaya. Sai na ji tana buga mini baya: ku, tu, na, da, Al, lah. Shekara da shekaru ina wuce allon nan, ban taɓa sanin abin da yake ce mini ba."

Ya daɗe yana kallon baƙin gawayin da ke katangarsa, sannan ya share ido da bakin riga.

Ya ce, "Gobe ki tashe ta da wuri, kada ta makara."