Goron da Baba Ya Kai Alaska

Ƙaurin hayaƙi ne ya tsayar da ni ranar Asabar a ƙofar gidana, a nan garin Woodbridge, a ƙasar waje. Wani maƙwabci ne yake gasa kifi a bayan gidansa, iska ta kwaso ta kawo mini. Na tsaya da ledar cefane a hannu kamar wadda aka dasa. Kai da ka tashi a birni za ka ce ƙarni ne, ka toshe hanci. Ni kuwa a cikinsa na yi wayo.

Gidanmu a bakin kogi yake, can ƙasar Yawuri, kuma mu masunta ne gaba da baya. Da damina ruwa yakan cika ya yi ja, ya zo har gindin rumbunanmu. In ya ja baya sai kakata ta haɗa wutar banda, ta jera tarwaɗa, hayaƙi ya shiga zannuwanmu da kitsonmu ya zauna. A makaranta masu ƙarni ake ce mana. Da na kai ƙara, kakata ta ce in sun sake faɗa in tambaye su da me uwarsu ta yi miya jiya.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma taurin kansa ya isa a raba wa unguwa. Yana da ƙa'ida guda: ba ya jefa koma a ruwan da ba nasa ba sai ya nemi sarkin ruwan wurin, ya durƙusa, ya miƙa goro. Kifin farko kuma na sarkin ruwa ne, ko da a gida ba a ɗora tukunya ba. Na san haka ne domin ina cikin kwalekwalen. Baffannina sun ce 'ya mace ba ta shiga jirgin kamun kifi, shi kuwa ya ɗaga ni ya ajiye a tsakiya, ya ba ni ƙwarya in riƙa kwashe ruwa.

Shekaru sun ja, karatu ya kawo ni nan, na zama ma'aikaciyar jinya. Da zuciyar Baba ta fara ba shi wahala na ɗauko shi don a duba shi. Magani ya yi aiki, amma mutumin ya riƙa ƙarewa a idona. In fita da asuba in bi cunkoson babbar hanya, in dawo in same shi a kujerar da na bar shi. Jikokinsa su gaishe shi da Hausa, sauran zancen su ƙarasa da Turanci. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa, sai ga shi yana gadin taga.

Wata rana na tarar da shi ya matso gaban talabijin. Wani kogi ake nunawa a Alaska, kifin da suke kira samon yana tsalle yana haura ruwa.

"Wannan da gaske ne, ko dabarar Turawa ce?" ya tambaye ni.

Na ce da gaske ne, Baba.

"To ki kai ni."

Tun zuwansa bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Likitansa ya ɗaga kafaɗa ya ce akwai haɗari. Yayana ya kira daga Kaduna yana faɗa, wai zan kai tsoho dawa in kashe shi, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Matan da muke haɗuwa wajen suna a garin Manassas da ke kusa da mu suka ce wa ya taɓa jin an kai marar lafiya yawon kamun kifi. Na ji su duka. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na sayi tikiti.

Ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa ne ya ƙarasa da mu. Ƙasar ba ta yi kama da ko'ina da na sani ba. Duwatsu masu aman wuta sun kewaye ta, ɗaya har yana fitar da siririn hayaƙi, bakin kogin kuwa toka ce da wasu duwatsu marasa nauyi masu huda-huda. Sanyi na ratsa ƙashi alhali lokacin zafinsu ne. Ruwan garau, kifi ya cika shi har ya yi ja. Baba ya daɗe tsaye yana tasbihi a hankali.

Saurayin da ke mana jagora ya miƙa masa sandar fatsa. Baba ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce in tambaye shi ina sarkin ruwa. Na fassara yadda zan iya, saurayin ya nuna mana takardar izinin da muka saya.

"Takarda ba ta da kogi," in ji Baba. "Wa ya riga kowa zama a nan?"

Ina jin kunya, ina kuma jin daɗi, don rabon da in ji wannan muryar tun ina yarinya. Saurayin ya yi tunani, ya sa mu cikin wani kwalekwalen inji, muka gangara zuwa wata bukkar katako mai hayaƙi. Wata tsohuwa ce 'yar asalin wurin, tana rataye jan kifi a kan sanduna, kamar dai kakata ta sake fata. Baba ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya gaishe ta da Hausa tiryan-tiryan, har da tambayar gajiya da iyali. Sannan ya ciro goro daga aljihu. Ashe tun a Woodbridge ya sa mijina ya sayo masa a shagon 'yan Ghana.

Tsohuwar ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta kwashe da dariya. Ta nuna masa kogin da haɓa.

Baba ya shiga ruwa har cinya cikin wandon roba. Da kifi ya kama, sandar ta lanƙwashe, numfashinsa ya fara sama-sama. Na nufo shi da kwalbar magani a hannu.

"Kada ki taɓa ni," ya ce, bai ko juyo ba.

Na tsaya. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar tsayuwar nan ba. Shi kaɗai ya jawo kifinsa, ya rungume shi a ƙirji, ya taka a hankali ya ajiye a gaban tsohuwar.

Baba ya koma gida Yawuri, ya rasu da daminar da ta biyo. An ce mini yanzu a koginmu kowa da injinsa, a shiga ruwa ba sallama, sarkin ruwan ma tun da ya mutu ba a naɗa wani ba. A zaman makoki yayana ya ce a gaban mutane tafiyar nan ce ta ƙarasa shi. Mai yiwuwa da gaskiyarsa, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da sanyi da wahala ke yi wa irin zuciyar nan. Amma duk watannin da tsohon ya yi a kujerata yana dusashewa, babu wanda ya kira ya ce ina cutarsa.

Har yau yayana jira yake in ce na yi kuskure. To sai ya gyara zama, don zai daɗe yana jira.